Albarushi da Bindiga: Tarihin Wutar da Ke Cin Ƙarfe

Jama'a, duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyoyin Damargu ya san itacen da ake gicciyawa a bakin rijiya. Ku dube shi da kyau. Za ku ga igiyar guga ta yi masa zane mai zurfi. Igiya ba ta da kaifi. Amma yau ta goga, gobe ta goga, har ta ci itacen. In ba a sake wani ba, wata rana sai ya karye, guga ta faɗa rijiya.

Haka bindiga take da albarushi. Duk harbin da aka yi, wuta tana ɗan gutsurar ƙarfen daga ciki. Ido ba ya gani. Mai bindiga yana goge bayanta, yana shafa mata mai, tana walƙiya, alhali cikinta yana ƙarewa. Ran da ƙarfen ya gaji, sai ta fashe a hannunsa.

Wannan matsala ta dami sarakuna da maƙera da sojoji shekaru aru-aru. Ta dami Sarkin Damagaram, ta dami Turawan da suka ci ƙasarsa. Har yau tana raba maharba da yatsunsu a ƙauyukanmu. Shi ya sa ya kamata mu san tarihinta.

Daga ina albarushi ya fito?

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara haɗa albarushi, yau fiye da shekara 1,000. Daga can ya bi hannun Larabawa da Turkawa da Turawa, har ya game duniya. Abu uku ake haɗawa: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri na musamman. Shi ne baƙin albarushin da kakanninmu suka sani, mai kauri, mai hayaƙi.

Albarushi ba ya tura harsashi da kansa. In wuta ta taɓa shi, sai ya ƙone nan take, ya zama iska mai zafi mai yawan gaske. Iskar nan ba ta da wurin zama a cikin bututun bindiga. Sai ta matsa ko'ina. Ta matsa baya, ta matsa gefe, ta matsa gaba. Ƙofa ɗaya ce gare ta, wato bakin bindiga, kuma harsashi ya tare ƙofar. Sai ta ingiza shi waje da ƙarfi. Ku riƙe wannan: ƙarfin da ya tura harsashi gaba, shi ne kuma yake dukan jikin bututun.

A ƙasashenmu, Barno ce ta fara suna da bindiga. Mai Idris Alauma, wanda ya yi sarauta wajen ƙarshen shekarun 1500, ya kawo Turkawa suka koya wa mutanensa harbi. A Kano kuwa, tarihi ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye ƴan bindiga masu tsaronsa. Duk da haka bindiga ta daɗe ba ta kori baka da mashi da takobi ba. Tana da tsada, ɗurinta yana da jinkiri, kuma ba a cika amincewa da ita ba.

Hanyar ayari

A zamanin dā, Damargu tana kan babbar hanyar ayari. Raƙuma suna tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamas da Gat, su ratsa Abzin, su sauko nan, sannan su wuce Damagaram da Kano. Abzinawa suna zuwa da gishirin Bilma, su koma da geronmu. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratsa Damargu da ayarin gishiri. Cikin garuruwan da ya rubuta sunansu har da Ollelewa.

A cikin kayan da ayari yake saukowa da su akwai takarda da tufafi da takubba. Akwai kuma bindigogi da farar wuta. Wasu bindigogin kuma ta kudu suke shigowa, daga bakin teku, su bi ta Nufe.

Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa harsashi, a danna da sanda. Ƙanƙara ce take ƙyasta mata wuta. Yawancinsu a biranen Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljik ake ƙera su. Waɗanda ake kawowa Afirka masu araha ne, ƙarfensu ba shi da kyau sosai.

Turawa sun san bindiga tana fashewa. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham. A can sai a ɗura wa sabon bututu albarushi fiye da ƙima, a harba shi a cikin ɗaki mai kaurin bango, ba kowa kusa. In ya jure, sai a buga masa hatimi. In ya fashe, ya fashe shi kaɗai. Amma hatimi shaidar ranar gwaji ce kawai. Bindigar da ta yi wata da watanni a bayan raƙumi, ta shekara 20 tana aiki, ba ita ce wadda aka gwada ba.

Sarki Tanimun da igwoyinsa

Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman ya yi sarauta fiye da shekara 30, ya rasu a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa. Shi ne kuma ya gane cewa wanda yake sayen makami a hannun wani, ransa yana hannun mai sayarwa. In ayari bai zo ba, ba albarushi. In an tare hanya, ba bindiga.

Saboda haka ya tara maƙera da masu sana'a a Damagaram. Suka riƙa haɗa albarushi a gida. Gawayi da gishirin a nan ake samunsu, farar wuta ce take zuwa daga arewa. Ba su tsaya nan ba. Suka narka tagulla da jan ƙarfe, suka zuba igwa, wato babbar bindigar nan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. Suka yi mata abin ja, suka ƙera mata harsashi. Masu tarihi sun rubuta cewa Tanimun ya tara bindiga wajen 6,000 da igwa wajen 40. A duk ƙasashen Hausa na lokacin ba sarkin da ya kai shi. Labari ya kai har Kukawa, fadar Shehun Barno. Wani Bajamushe, Nachtigal, da ya sauka Kukawa a 1870, ya ji zancen igwoyin Damagaram a can.

Wannan abin alfahari ne. Amma zuba igwa aiki ne mai wuya. In an narka ƙarfe an zuba a mazubi, iska takan maƙale a ciki, ta bar ƴan ramuka kamar na cikin burodi. Daga waje ba a ganinsu. Wani gefen kuma yakan fi wani kauri. Duk harbi, wuta tana neman wurin da ya fi rauni. Yau ta buɗa shi kaɗan, gobe ta ƙara. Shi ya sa a ko'ina cikin duniya mai kunna igwar zubi yana cikin hatsari kamar wanda aka auna da ita.

Kada ku ce gazawar maƙeranmu ce. A 1460 wani sarkin Sikotilan, James na Biyu, yana tsaye kusa da igwarsa a wurin yaƙi, ta fashe ta kashe shi. A 1844 a Amurka an tara manyan ƙasa a kan jirgin ruwan yaƙi don a nuna musu wata sabuwar igwa. Ta fashe, ta kashe mutum 6, biyu daga cikinsu ministoci ne. Wuta ba ta san sarki ba.

Yadda baƙin albarushi yake cin ƙarfe

To, yanzu bari mu leƙa cikin bututun, mu ga abin da yake faruwa.

Na farko, dauɗa. Baƙin albarushi ba ya ƙonewa duka ya zama iska. Fiye da rabinsa yana zama toka da hayaƙi. Wani ya fita ta baki, wani ya manne a ciki. Bayan harbi kaɗan sai cikin bututu ya tsuke, harsashi ya ƙi shiga sai da duka. Wani lokaci ya maƙale a tsakiya, bai kai kan albarushi ba. In aka harba a haka, bututu yakan kumbura a wurin, ko ya tsage.

Na biyu, tsatsa. Wannan ita ce babbar ɓarna. Tokar albarushi tana da gishiri-gishiri a cikinta, dangin kanwa. Kun san abin da gishiri yake yi da damina: yana jawo laima, ya jiƙe da kansa ko ba a zuba masa ruwa ba. Haka tokar nan take. In an yi harbi aka jingine bindiga ba a wanke ba, kafin kwana biyu tsatsa ta kama aiki a ƙarƙashin tokar. Tana haƙa ƴan ramuka a jikin ƙarfe. Harbi na gaba ya cika ramukan da sabuwar toka, su ƙara zurfi. Mugun abin shi ne, tsatsar ta fi yawa a can gindin bututu, inda albarushi yake zama. Nan ne ido ba ya kaiwa, nan ne kuma ƙarfin wuta ya fi yawa, nan ne yake kusa da fuska da hannun mai harbi.

Na uku, zaizaya. Akwai ƴar kafa a gefen gindin bindiga, inda wuta take shiga. Duk harbi, iska mai zafi tana fesowa ta kafar. Sannu a hankali kafar tana faɗi. Kun ga yadda ruwan sama yake samun ƴar hanya a gona, bana ta zama kwata, baɗi ta zama kwazazzabo? Haka wuta take yi wa ƙarfe. In kafar ta yi faɗi, ƙarfin harbi ya ragu, wuta kuma ta riƙa tsartuwa a idon mai bindiga.

Na huɗu, gugar abin da ake ɗurawa. Darma tana da taushi, ba ta cutar bututu sosai. Amma darma tana da tsada. Sai mutane su ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa. Waɗannan suna karce cikin bututu duk fitarsu. Ga kuma rairayin ƙasarmu da ƙurar hunturu. Suna manne wa sandar ɗuri, ita kuma tana goga bakin bindiga kamar dutsen wasa wuƙa.

In bindiga ta tsufa, ƙarfinta ya ragu, me mai ita yake yi? Sai ya ƙara albarushi. Wato ƙarfe ya rame, an kuma ƙara masa kaya. Nan ne tsautsayi yake zuwa.

Sabon albarushi marar hayaƙi

A shekarar da Tanimun ya rasu, 1884, wani masani a Faransa mai suna Paul Vieille ya fito da sabon albarushi. Daga auduga ake yinsa, bayan an sarrafa ta da ruwan guba mai ƙuna. Kusan dukansa yake ƙonewa. Ba toka, hayaƙi kaɗan, ƙarfinsa kuma ya ninka na baƙin albarushi wajen sau 3. A 1886 Faransa ta ƙera bindigar Lebel domin wannan albarushi. Sauran ƙasashen Turai suka bi sahu.

Bindigogin nan ta baya ake ɗura su. Albarushi da harsashi suna haɗe a cikin kwanso ɗaya. A cikin bututun kuma an yi zane mai murɗewa kamar tufkar igiya. Zanen nan yana sa harsashi ya riƙa juyi in ya fita, ya tafi sak ba kauce-kauce.

A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Burusel, babban birnin Beljik. Suka ƙulla cewa ba za a sayar wa mutanen yawancin Afirka sababbin bindigogi ba, sai dai tsofaffi masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Wato sun riƙe sabo, sun bar mana tsoho.

Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga ya hau gado a 1893. Ya gāji makaman kakanninsa, ya kai yaƙi har ƙasar Kano zamanin Sarki Alu. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Kazamaju, a Damagaram. A ƙarshen watan Yuli na 1899 rundunar Faransa ta taso daga yamma, aka gamu a Tirmini. Mutanen Damagaram sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma kafin ɗan bindigarsu ya ɗura sau ɗaya, na gabansa ya yi harbi da yawa, kuma daga nesan da tsohuwar bindiga ba ta kaiwa. Aka ci Damagaram. Sarki Amadu ya fita, aka kashe shi a watan Satumba. A watan Nuwamba wata rundunar kuma, ta Furo da Lami, ta sauko daga Aljeriya, ta ratsa Abzin da Damargu, ta isa Damagaram.

Bayan shekara 17 wani ɗan Damargu ya ɗaga takobi. Shi ne Kawusan, Ba'abzine daga Ikazkazan, wanda aka haifa wajen 1880. Ya daɗe a arewa tare da ƴan Sanusiyya. Ya dawo da sababbin bindigogi, har da igwa da aka ƙwace daga hannun sojan Italiya. A watan Disamba na 1916 ya kewaye barikin Faransa a Agadas. Sai ranar 3 ga Maris 1917 rundunar da ta taso daga Damagaram ta kore shi. Ya mutu a Murzuk a 1919.

Ku lura da bambanci. Tanimun yana iya haɗa albarushinsa, maƙeransa suna iya gyaran bindigarsa. Makaman Kawusan sun fi na Tanimun ƙarfi ƙwarai, amma ba maƙerin da zai iya yin albarushinsu ko ya ƙera musu sabon bututu. In harsashi ya ƙare ko ciki ya cinye, sun zama sanda.

Yadda sabon albarushi yake cin ƙarfe

Turawa sun yi murna sun rabu da toka. Ba a jima ba suka ga sun sayi wata cutar. Sabon albarushi zafi gare shi.

Ga misali. Masana suna auna zafi da abin da suke kira digiri. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙarfen bindiga yana narkewa wajen digiri 1,500. Wutar sabon albarushi kuwa tana kai digiri 2,500, wani irin ma ya wuce haka. To, me ya hana bindiga narkewa? Lokaci ne. Wutar ba ta daɗewa ko ƙiftawar ido. Fatar ƙarfen kawai take taɓawa, wadda ba ta kai kaurin gashi ba.

Ku tambayi maƙeri. In ya gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa farat ɗaya, ƙarfen yakan yi tauri, amma yakan yi saurin karyewa. Haka fatar cikin bututu take sha duk harbi. Ta yi zafi nan take, ta huce nan take. Iskar albarushi kuma tana shiga jikinta, tana sauya ta. Bayan harbi da yawa sai fatar ta tsattsage, kamar laka a tabkin da ya ƙafe da rani. Harbi na gaba, iska mai gudu ta kwashe ɓawon, harsashi ya kankare saura. Sabuwar fata ta bayyana, ita ma a fara cinta.

Ɓarnar ta fi yawa a wurin da ake kira maƙogwaron bindiga, wato daidai inda harsashi yake fara tafiya. Nan ne zanen murɗe yake fara shafewa. In ya shafe, iska ta riƙa kurɗawa ta gefen harsashi, tana ƙara yashe wurin. Daga nan harsashi ba ya tafiya sak, ba ya kai nisan da ya saba. Harbi a jere ba hutawa ya fi komai saurin kashe bututu, don ƙarfe bai huce ba an ƙara masa wuta.

Ga wani lissafi mai ban mamaki. Harsashi yana ratsa bututun bindiga cikin kamar kashi 1 daga 1,000 na daƙiƙa. In bindiga ta yi harbi 5,000 sannan cikinta ya lalace, to duk aikin da ta yi a rayuwarta bai wuce daƙiƙa 5 ko 6 ba. Kafin ka sha ruwa a ludayi, an gama.

Ingila ta ɗanɗana wannan. A 1889 ta fito da nata albarushin mai suna kodayit, mai kama da taliya. Yana da ƙarfi, amma zafinsa ya yi yawa. A yaƙin da ta yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 aka ga yana cinye bututu da sauri. Dole aka sauya haɗin, aka rage sinadarin da yake kawo zafin daga kashi 58 cikin 100 zuwa kashi 30.

Jamus ma ta gani. A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ƙera wata doguwar igwa da take harbin birnin Paris daga nisan kilomita 120. Wannan ya kusa nisan Tanut zuwa Damagaram. Albarushin da ake ɗura mata yana da yawa ƙwarai, har kowane harbi ɗaya yana ƙara faɗin cikinta. Sai aka ƙera harsasai 65, aka rubuta musu lamba, kowanne ya ɗan fi na gabansa kauri. Dole a harba su bi da bi. In an kai na 65, sai a cire bututun a mai da shi masana'anta.

Maganin da aka samu

Masana ba su zauna ba. Sun nemo albarushi mai sanyin wuta. Sun gyara haɗin ƙarfe. Sun koyi shafe cikin bututu da wani farin ƙarfe mai tauri, mai suna kurom, wanda yake jure zafi da tsatsa. A manyan igwoyi sukan sa kakin zuma na masana'anta da wata farar hoda tare da albarushi, don su yi wa ƙarfe shamaki.

Sun kuma gano wani ɓoyayyen ɓarawo. A gindin kwanson harsashi akwai ɗan abin da yake kunna wuta. Na dā yana barin gishiri a cikin bututu, ya jawo tsatsa ko da an shafa mai. A 1922 wani masani a Amurka ya nuna cewa mai ba ya narkar da gishirin nan, sai ruwa. Daga baya aka sauya haɗin.

Duk da haka an ci gaba da kuskure. A shekarun 1960 sojan Amurka ya sauya albarushin bindigarsa M16, aka kai ta yaƙin Biyetnam, ƙasa mai yawan laima. Dauɗa da tsatsa suka sa tana cijewa ana tsakiyar faɗa, sojoji suka mutu da ita a hannu. Sai da aka gyara albarushin, aka shafa mata kurom, aka raba kayan wanki.

Duk waɗannan dabaru jinkirta cutar suke yi. Har yau ba a ƙera bututun da wuta ba ta ci ba. Sojan kowace ƙasa yana ƙidaya harbin igwarsa a littafi, yana auna cikinta. In ta kai iyaka, a cire bututun ko da bayansa yana walƙiya.

Abin da ya shafe mu

A ƙauyukanmu akwai tsofaffin bindigogi na gado. Akwai kuma na ƙirar gida, waɗanda aka yi bututunsu da famfon ruwa ko wani ƙarfen mota. Ana fito da su ran salla, ko biki, ko tarbar babban baƙo. Ba wanda ya gwada su. Ba wanda ya ƙidaya harbinsu. Famfon ruwa kuwa don ruwa aka yi shi, yana da ɗinki a jikinsa daga sama har ƙasa.

Na san wani maharbi, mutum mai hankali, wanda ya gāji bindigar mahaifinsa. Ya yi shekaru yana harbi da ita lafiya. Ran wani biki samari suka ce ƙararta ba ta kai ta wancan ba. Ya ƙara albarushi. Yau da hannun hagu yake riƙe hauya. Mutane suka ce tsautsayi ne. Da aka duba guntun bututun, sai aka ga tsatsa ta cinye gindinsa, saura kamar ɓawon albasa.

Saboda haka ga abin da tarihin nan ya koya mana.

Bindigar da ta sha baƙin albarushi, a wanke cikinta da ruwan zafi a ranar, a busar da ita sarai, sannan a shafa mai. Mai shi kaɗai ba ya fid da gishiri.

Kada a ƙara albarushi don neman ƙara. In ƙarfin bindiga ya ragu, alama ce ta tsufa.

Kada a kuskura a farke harsashin zamani a zuba albarushinsa a bindigar ɗuri. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta. Fashewa za ta yi.

Kada a ajiye bindiga a ɗure. Kada a harba ta in ƙasa ko laka ta toshe bakinta. Kada a harba ta a tsakiyar taro ko kusa da yara.

In an ga kumburi, ko tsaga, ko hayaƙi yana fita ta inda bai saba ba, aikinta ya ƙare. A rataye ta don tunawa da mai ita. Kuma a tuna riƙe bindiga da farauta duka suna da doka, sai da izinin hukuma.

Ranar 25 ga Satumba 2000, bayan sulhun da ya kawo ƙarshen tawayen arewa, an tara bindigogi fiye da 1,000 a Agadas, aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Aka kira bikin Wutar Zaman Lafiya. Wannan ita ce wutar da ta ci bindiga ba ta ci hannun kowa ba.

Manomi yana duba ƙotar hauyarsa kafin damina. Mai jan ruwa yana duba igiya da itacen bakin rijiya. Mai bindiga shi ma ya duba tasa, tun ba ta kai ga yatsunsa ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu.